Kundin Talata: Yadda Nake Tunkarar Firgici

Talata, 3 ga Satumba, 2024

An ce in riƙa rubutawa, to ga shi na soma. Yau muka yi zaman farko da wadda aka tura ni wurinta. Ba likitar allura da ƙwaya ba ce, masaniyar halayyar ɗan Adam ce, amma tunda kowa Dakta yake ce mata, ni ma na bi sahu.

Kafin a turo ni sai da aka gama binciken jiki: an yi gwajin zuciya, an ɗebi jini, an duba tayirod ɗin nan ta maƙogwaro, domin idan ta cika aiki takan kawo bugun zuciya da gumi da rawar hannu irin na firgici sak. Komai lafiya lau. Babu maganar da ta fi ƙona mini rai a shekarar nan kamar wannan "lafiya lau". Kana cikin bas kana jin ranka na shirin fita, ka je asibiti a ce maka garau kake.

Ta ce, "Malama, ba ni labarin na ƙarshen da ya same ki. Kina ina, me kika fara ji, me ya faɗo miki a rai, me kika yi?" Na ce ina layi a banki, zuciyata ta hau dukan uku-uku, yatsuna suka yi sanyi, jiri ya ɗebe ni, na ga mutanen da ke gabana sun yi mini nisa. Abin da ya faɗo mini shi ne yanzu zan yanke jiki in faɗi a bainar jama'a. Ta ce, "Kin taɓa sumewa?" Na ce a'a, ai ina ficewa tun kafin a kai ga haka. Ta rubuta amsar tawa, ta ja mata layi a ƙasa, ta ce za mu dawo kanta.

Daga nan ta miƙo mini takarda mai tambaya 7, GAD-7 sunanta, an fitar da ita a 2006. Kowace tambaya maki 0 zuwa 3 ce, a kan yadda mako biyun da suka wuce suka kasance, jimla 21. Daga 5 fargaba ce mara ƙarfi, daga 10 matsakaiciya, daga 15 mai tsanani. Na ci 16. Ta ce asali ba don firgici aka tsara takardar ba, amma za ta nuna mana inda muka dosa.

Sunan abin da ke damuna ciwon firgici, haɗe da ƙaurace wa wuraren da fita daga cikinsu ke da wuya. Maganin kuma CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wanda ƙashin bayansa shi ne tunkarar abin da ake tsoro. Awa ɗaya duk mako, da aikin gida kullum. Ta ce ƙa'idar hukumar NICE ta Ingila, mai tsara yadda za a kula da marasa lafiya, ga irin ciwona awa 7 zuwa 14 ce gaba ɗaya, a kammala cikin wata 4. Na ji kamar an raina mini ciwo. Abin da ya shekara yana cina, a ce awa 14?

Alhamis, 5 ga Satumba

Aikin gida na farko: jerin abubuwan da na daina saboda firgici. Na zaci layi biyu-uku ne, sai ga shi ya cinye shafi. Bas. Lif ɗin wurin aiki, alhali a hawa na shida ofishinmu yake, da ƙafa nake hawa, ina hutawa a hanya don kada zuciya ta buga. Layi kowane iri. Zama a tsakiyar ɗakin taro. Kofi. Wanka da ruwan zafi idan ba kowa a gida.

Babu ranar da na zauna na yanke shawarar barin waɗannan. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, kowanne da hujjarsa mai kyau. Lif ai yakan maƙale da mutane. Kofi ai yana hana barci. Hawan bene ai motsa jiki ne, har yaba mini ake a ofis.

Na ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba iri-iri a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Ban ji sanyi ba don na ga muna da yawa. Na dai yi ta tunanin sauran ukun.

Talata, 10 ga Satumba

Yau zane ta yi mini, da'ira guda, amma da kalmomin da suka fito daga bakina makon jiya. Ta ce David Clark, wani masani ɗan Ingila, shi ya tsara bayanin a 1986. Wani ƙaramin abu ne ke taɓa jiki, zafi ko doguwar tsayuwa ko tashi da sauri. Sai ka ji zuciya ta ɗan motsa. Kowa yana jin haka, bambancin mai firgici shi ne fassarar da yake yi wa abin: zan suma, zan mutu, zan haukace. Fassarar ta tayar da tsoro, tsoro ya sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, adirenalin ya ƙara wa zuciya gudu, gudun zuciyar ya zama shaidar cewa fassarar gaskiya ce. Cikin 'yan mintuna abin ya kai ƙololuwa.

Ta bi alamomina ɗaya-ɗaya. Yatsu suna sanyi ne saboda jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, jiki na shirin gudu ko faɗa. Jirin kuwa daga numfashi yake. Idan mutum ya shiga haki, yana fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, idan ta yi ƙaranci a jini sai jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, kai ya yi fayau, yatsu da leɓe su ɗauki tsami. Ashe lokacin da nake jin iska ta ƙare mini, numfashin ne ya yi yawa.

Maganar suma ce ta fi tsaya mini. Ta ce mutum yana sumewa ne idan jininsa ya sauka, a firgici kuwa hawa yake ɗan yi, shi ya sa da wuya ƙwarai mai firgici ya sume. Masu tsoron ganin jini ko allura su ne daban, su nasu jinin sauka yake, suna faɗuwa da gaske, kuma nasu maganin ya haɗa da koyon ɗaure tsokoki. Ni ba na cikinsu.

Na ce mata, "Dakta, a nan ɗakin duk na yarda. Amma in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba." Ta yi dariya ta ce ita ma ba ta sa ran bayani ya warkar da ni ba. Amfaninsa kawai ya sa in yarda a yi gwaji.

Asabar, 14 ga Satumba

Duk lokacin da abin ya taso, takarda ce zan cike: me ya faru, me na ji a jiki, me ya zo mini a rai, kashi nawa cikin ɗari na gaskata shi, me na yi. Wannan hanya ta kamo tunanin da ke wucewa fuu ba a lura ba daga Aaron Beck ta samo asali, likitan ƙwaƙwalwa a Filadelfiya ta Amurka, tun shekarun 1960. Da masu ciwon damuwa ya fara. Ya rasu a 2021 yana da shekara 100.

Gurbi na uku ne ya ba ni wahala, don nawa tunanin ba da kalmomi yake zuwa ba, hoto ne. Ni kwance a ƙasa, jakata a watse, mutane sun yi mini zobe, wani yana ɗaukata a waya. Sai da na rubuta shi na ga babu mutuwa a cikin hoton ko kaɗan. Kunya ce zalla.

Wata ƙawata ta ga takardar ta ce, "Ke dai ki cire abin a ranki, ki riƙa tunanin alheri." Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma wannan shawara shekara guda ina gwada ta. A 1987 wani masani, Daniel Wegner, ya ce wa mutane kada su yi tunanin wata dabba, farin beyar, na minti 5, duk wanda ya faɗo masa a rai ya buga ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta bugawa. Abin da ake koya mini ba korar tunani ba ne, ba kuma yi masa kwalliya ba. A rubuta shi yadda za a iya gwada shi, shi ke nan.

Talata, 17 ga Satumba

Ta ce in juye jakata a kan tebur. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban da makulli da biro, ga abin da ya zubo: gorar ruwa, alawar minti, ƙaramin mafici, abin sauraro na kunne, ƙwayoyin kwantar da hankali da wani likita ya rubuta mini bara, waɗanda ban cika sha ba amma ba na taka ƙofar gida sai da su, sai waya, wadda kullum lambar ƙanwata ce a buɗe a fuskarta, yatsa kawai zan ɗora.

Ta riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya tana tambaya, "Wannan daga me yake kare ki?" Sannan ta buɗe shafin ranar farko, inda ta ja layi.

"Ranar bankin nan, me ya hana ki sumewa?"

"Na fita na sha ruwa."

"Da kin tsaya fa?"

"Da na faɗi."

"Ya aka yi kika sani?"

Na buɗe baki, na mayar na rufe.

Ta ce tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: mutumin da firgici ya kama shi ba adadi, bai taɓa mutuwa ko sumewa ba, me ya sa har yanzu yake ganin na gaba ne zai kayar da shi? Paul Salkovskis ya ba da amsa a 1991. Kowane karo ƙwaƙwalwa ba ta rubuta "babu haɗari", sai ta rubuta "saura ƙiris", ta ba gorar ruwa ladan ceton. Ga kuma daɗin da ake ji da zarar an fice, wanda ke sa gudu na gaba ya fi zuwa da wuri. Rigakafi ya fi magani aka ce, ni kuwa rigakafin ne ke ciyar da cutar.

Game da ƙwayoyin, ta ce ba ita ta rubuta ba, ba ita za ta tsayar ba, in koma wurin likita. Ta dai gaya mini ƙa'idar NICE ba ta yarda a riƙa ba mai ciwon firgici ƙwayoyin kwantar da hankali na rukunin diazepam ba. Idan magani za a sha, irin na ciwon damuwa ne da ake sha kullum, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya kama. Wanda ya saba shan rukunin diazepam kullum kuwa ba ya yanke shi dare ɗaya, haɗari ne, sai a hankali a hannun likita.

Talata, 24 ga Satumba

Yau da gangan muka kira firgicin. Ta fara tabbatar da ba ni da asma, farfaɗiya, ciwon zuciya ko juna biyu, don masu waɗannan sai an sauya musu atisayen ko an nemi izinin likita. Sai ta ce in rubuta hasashena kafin mu fara. Na rubuta: idan na yi haki na minti ɗaya a tsaye, zan sume. Yardata da haka, 80 cikin 100.

Ita ta fara yi, ina kallo. Mace mai kamala, tsaye a tsakiyar ofis, baki buɗe tana fuka da ƙarfi. Ta gama ta ce kanta na juyawa, yatsunta sun yi tsami, ta zauna ta gyara tabarau kamar ba a yi komai ba.

Sai ni. Tsakiyar ɗaki, babu bango kusa, jakata tana can bayan ƙofa. Kafin rabin mintin bakina ya bushe, fitilar ɗakin ta yi wani irin haske, tafin hannuna ya jiƙe, na ji ƙasa tana zamewa. Abin banki ne sak, babu abin da ya rage. Na ce, "Dakta, zan faɗi." Ta ce, "Ci gaba, Malama, saura kaɗan." Da minti ya cika na nemi kujera da ido, ta ce a'a, in ɗaga ƙafa ɗaya. Na zaci ban ji daidai ba. Na ɗaga. Na tsaya a kan ƙafa guda, jiki na karkarwa, ina jiran faɗuwar da ba ta zo ba. Ta tambaye ni tsoron ya kai nawa daga 0 zuwa 100, na ce 85. Ta ce, "Mai shirin sumewa yana iya tsayuwa da ƙafa ɗaya?"

Mun gwada sauran. Numfashi ta siririn bututun shan lemo, hanci a toshe, minti 2 ake so, ban kai ba na cire. Juyi a kujerar ofis minti ɗaya, jiri kam ya zo amma ba irin nawa ba, tsoro bai wuce 20 ba, aka ajiye shi. Gudu a wuri ɗaya ya taɓa ni sosai saboda zuciya. Ta ce David Barlow da Michelle Craske suna cikin waɗanda suka mayar da irin wannan atisaye tsararren magani a ƙarshen shekarun 1980.

Na fito ƙafafuna ba ƙwari, amma ba zan ɓoye ba, har da ɗan jin haushi. Abin da na ɗauka ajali ne, ashe ina iya haɗa shi da kaina cikin minti ɗaya.

Juma'a, 27 ga Satumba

Haki, bututu, gudu a wuri ɗaya, safe da yamma. Ba daɗi, kuma ba ya ƙara daɗi. Ƙanwata ta leƙo ɗaki ta same ni da bututu a baki, hanci a matse, ta koma ba ta ce uffan ba, na ji tana dariya a falo.

Alhamis, 3 ga Oktoba

An ɗaga zaman wannan mako zuwa yau. Mun jera wuraren da nake gudu daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowanne da makinsa. Lif tare da wani, 40. Lif ni kaɗai, 60. Layin banki babu ruwa a hannu, 70. Bas a cike, ni kaɗai, nesa da ƙofa, 90. Doguwar tafiya a mota, 100.

Na tambaye ta yaushe za ta koya mini dabarar numfashin da zan kwantar da kaina da ita a can. Ta ce ba za ta koya mini ba, ko kuma ba yanzu ba, don a hannuna za ta zama wata gorar ruwan. Nan ta ɗan ba ni tarihi. Tun 1924 Mary Cover Jones ta raba wani ƙaramin yaro da tsoron zomo ta hanyar matso da zomon kaɗan-kaɗan yayin da yaron yake cin abin da yake so. Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu ya yi irin haka da kyanwoyi, ya fitar da littafinsa a 1958, kuma ma'aunin 0 zuwa 100 ɗin nan nasa ne. A tsarinsa sai an koya wa mutum sakin jiki tukuna, sannan ya riƙa ƙiyasta abin tsoron a ransa mataki-mataki. Daga baya aka gane sakin jikin ba dole ba ne, zuwa wurin da gaske ya fi. Aka daɗe kuma ana cewa a tsaya har tsoro ya sauka da rabi.

Craske, wadda ke Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, ita da abokan aikinta suka kawo gyara daga 2008. A ganinsu tsohon tsoro ba ya gogewa, sabon darasi ne ake ɗorawa a gefensa har ya rinjaye shi. Kuma darasin yana kamawa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin abin da ka yi hasashe da abin da ya faru. Don haka idan na dawo daga gwaji ba za ta tambaye ni ko na natsu ba. Tambaya biyu ce: me kika ce zai faru, ya faru?

Wannan ya sauke mini wani nauyi da ban san ina ɗauke da shi ba. Natsuwa ba a hannuna take ba. Tsayawa kuwa ina iyawa, ko ina kuka.

Talata, 8 ga Oktoba

Lif ɗin ginin da ofishinta yake. Da farko tare muka shiga, daga baya ta tsaya a ƙasa da jakata ta ce in hau har ƙarshe in sauko, in sake, ba tare da na riƙe ƙarfen gefe ba. Tsoro ya kai 65, ya tsaya a nan yana ta zarya, bai sauka ba har muka gama. Ban faɗi ba. Ta ce madalla, gobe na ofis.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Wannan ya fi lif wuya. Na zaunar da ƙanwata na ce daga yanzu ba za ta riƙa raka ni ba, kuma idan na kira ta daga hanya ina cewa ta zo, kada ta zo. Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, laifi na yi miki?"

Yarinyar nan shekara guda tana tsara ranarta a kan tawa. Ta fasa fita da ƙawaye, ta baro aji a tsakiya don na kira ta ina haki. Yanzu in ce mata taimakon nata yana cikin abin da ke riƙe ciwon? Na rasa ta inda zan ɓullo, sai na tuna mata lokacin da nake koya mata keke. Muddin ina riƙe da sirdin, ita da ni duka ba mu san ko ta iya ba. Ta ce ai ranar da na saki ta ƙuje gwiwa. Na ce haka ne.

Mun daidaita a kan abin da Dakta ta ba da shawara. Idan na kira, za ta ɗauka ta ce, "Yaya, na san da wuya, ki ƙarasa, ki ba ni labari in kin dawo," ta kashe. Ta maimaita jimlar har ta zauna mata, idonta cike da ƙwalla. A ganina masu jinya irin wannan su ma suna buƙatar a kira su zama ko sau ɗaya. Ba daidai ba ne a bar wa mara lafiya shi kaɗai aikin gaya wa masoyinsa ya janye hannu.

Laraba, 16 ga Oktoba

Bas, lokacin tashi daga aiki. Gora da alawa da mafici na bar su a aljihun tebur, waya na kashe ta na tura ƙasan jaka. Na wuce kujerun kusa da ƙofa na shige can baya, jikin taga, wani mutum mai babban kwali a cinya ya zauna a gefena ya toshe hanya. Na rubuta tun a ofis: zan sume kafin tasha ta uku, 70 cikin 100.

Mun shiga cunkoso motar ta tsaya cak. A nan ya zo, gaba ɗayansa. Zuciya kamar ta fasa ƙirji, gumi na bin bayana, kunnuwana suka toshe, hoton nan nawa ya bayyana tar, har da mai ɗauka a waya. Hannuna ya tafi jaka da kansa neman gorar da ba ta nan. Duk gaɓoɓina cewa suke ki miƙe, ki ce a buɗe miki. Na ɗora hannuwa a cinya na sake su. Ban yi ƙoƙarin gyara numfashi ba. Na ce a raina, to, in faɗuwar ce ga wuri.

Ban duba agogo ba, amma kafin mu fita daga cunkoson abin ya fara sakina, ya dawo kaɗan, ya sake saki. Mai kwali bai ma san ana yi ba, yana ta latsa wayarsa. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai: ni a ganina duk motar ta gane, ashe daga waje mace ce kawai zaune tana gumi a bas mai zafi.

Na sauka a tashata, ba kafinta ba. Na isa gida na yi barci tun magariba.

Talata, 22 ga Oktoba

Na zo da takardun mako ina ɗoki, don bayan ta Laraba sauran tafiye-tafiyen sun zo da sauƙi, tsoro 30, 35. Ita kuwa ta Larabar ta fi burge ta. Ta ce ranar da abin ya zo da ƙarfinsa na zauna, ita ce ta koya wa ƙwaƙwalwa wani abu. Masu sauƙin sai ta hau bincikarsu: a ina na zauna, me nake yi da ƙafafuna, me ke cikin kaina. Ta haƙo abubuwan da ba a juye su daga jaka. Ashe ina ƙirga sandunan fitilar hanya. Ina danne tafin ƙafa a ƙasa don in "riƙe" kaina. Ina zaɓar lokacin da motar ba ta cika ba. Su ma duk za su tafi.

GAD-7 ta ba da 11.

Talata, 29 ga Oktoba

Mura ta kama ni ƙarshen mako, barci ya ƙi, jiya da safe na shiga bas da kai mai nauyi. Firgici ya zo tun ba mu yi nisa ba, na sauka a tasha ta biyu, na ƙarasa a ƙafa. Na wuni ina jin duk aikin wata biyu ya bi ruwa.

Dakta ba ta ko ɗaga gira ba. Ta ce tun gwajin Pavlov, masanin nan ɗan Rasha, da karnukansa aka san ɗabi'ar da aka kashe takan farfaɗo da kanta bayan wani lokaci. Tsoro yana dawowa idan an daɗe ba a gwada ba, ko wuri ya sauya, ko jiki ya gaji. Tunda tsohon darasin yana nan kwance, ranar da sabon ya yi rauni sai ya ɗago kai. Abin da ya dame ta ɗaya ne, kada saukar jiya ta zama ita ce magana ta ƙarshe tsakanina da wannan hanya. Daga ofishinta na wuce tashar, na shiga mai zuwa wajen aiki alhali ba aikin zan je ba, na yi hanyar har ƙarshe da murata. Tsoro 75. Babu suma.

Talata, 5 ga Nuwamba

Yanzu cakuɗawa muke. Hanyoyi daban-daban, lokuta daban-daban, ba bin jeri daga ƙasa zuwa sama ba, wani lokaci takarda nake ja a makance in yi abin da ya fito. Ta ce darasin da aka koya a bas ɗaya, a kujera ɗaya, a nan yake zama. Muna kuma haɗa biyu-biyu: in sha kofi mai ƙarfi, in haura bene da gudu, in shiga lif zuciya na bugawa. Kofin farko bayan shekara guda hannuna na rawa na sha shi, rabin rawar ta sinadarin kafeyin da ke cikin kofin ce, rabi tawa.

A taron ofis na zauna a tsakiyar sahu. Layin banki na yi shi ranar da ya fi tsawo. GAD-7 ta ba da 8. Yardata da cewa zan sume ta sauko 15, kuma ta ƙi wucewa nan. Na faɗa mata, ta ce ba sifili muke nema ba, ita ma ba za ta rantse mini cewa ba zan taɓa sumewa a rayuwata ba. Sai ta juya tambayar: a ce na faɗin, sai me? Wannan muka yi rabin awa a kai, don ya taɓo kunyar nan da ke ƙarƙashi. Ta ba ni aikin da ya fi ba ni tsoro a makon: in zauna dirshan a ƙasa a wurin da mutane ke wucewa, kamar wadda jiri ya ɗeba, in ga me za a yi.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na yi shi ranar Asabar a harabar wani babban kanti. Yawancin mutane wucewa suka yi. Wata dattijuwa ta tsaya ta ce, "'Yata, lafiya?" Na ce jiri ne, Mama, zai wuce. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ɗan jira, ta tafi. Babu zobe, babu waya.

Daga yau zaman ya koma bayan mako biyu-biyu, saura uku. Ta ba ni takarda in rubuta da hannuna abin da zan yi idan ciwon ya nemi dawowa: alamomin farko, irin su fara ɗaukar gora "don zafi" ko samun sabuwar hujjar hawa bene, da gwajin da zan koma wa a cikin makon. Likitan da ya rubuta mini ƙwayoyin na gan shi, ya ce tunda ba kullum nake sha ba babu buƙatar ragewa a hankali, na bar su a gida.

Doguwar tafiya ce ta rage a jerin. Na yanki tikitin ranar Asabar 23 ga wata, tafiyar awa huɗu, ni kaɗai, na ce a ba ni kujerar baya jikin taga. Hasashen da na rubuta: firgici zai zo a awar farko, zan roƙi direba ya sauke ni, 50 cikin 100. Za mu duba sakamakon ranar 26.